Ranar da Na Baza Injin Fada Iliya

Ku samarin da kuke zuwa garejina da waya a hannu, kuna nuna mini yadda wani Bature yake kwance inji yana murmushi, ko ɗigon baƙin mai babu a rigarsa, ku nake yi wa wannan rubutun. Karatuna bai wuce aji biyu na sakandare ba, wanda ya ga kuskure ya haɗiye abinsa. Shekaranjiya wani a cikinku ya ce mini gyaran babur ai ba wani aiki ba ne, kwancewa ne da ɗaurewa, wata ɗaya ya ishe shi ya koya. Na ɗauki sifana zan jefe shi, sai na tuna sifanar ta fi shi amfani a wurina, na ajiye.

Babur na farko da aka bari na sa wa hannu na wani mai kai nama ne a Utako, a garejin Oga Mati, bayan tashar mota. Kafin ranar na daɗe ba na komai sai wanke notuna cikin gwangwanin fetur da ɗebo wa Oga ruwan alwala. Babur ɗin yana tari, ya yi tafiya ya tsaya. Na durƙusa zan fara kwance shi, Oga Mati ya buge mini hannu ya ce wa ya aike ni. Ya tayar da babur ɗin, ya ɗora bakin sukundireba a jikin injin, ya manna mini ƙotar a kunne, ya ce in faɗa masa abin da na ji. Na ce ƙara nake ji. Ya ce jaki ma yana jin ƙara. Haka ya bar ni a durƙushe, rana na dukana, mai nama na zagi, ƙuda sun cika wurin, har sai da kunnena ya raba bugun fistin da kaɗawar bawul, na ji wani ɗan ƙas-ƙas a tsakani. Bawul ne ya saki. Gyaran kansa bai kai shan kofin ruwa ba, sauraron ne ya ci rabin yini. To wannan sauraron, ku nuna mini inda yake a cikin wayarku.

A wurinsa na koyi karanta fulogi. Ka ciro shi ka duba bakinsa. In baƙi ne kamar gindin tukunya, mai ya yi wa injin yawa. In fari ne fat, injin na jin ƙishirwa yana cin kansa. In ya yi launin soyayyar gyaɗa, mayar da abinka ka sallami mutum, lafiyarsa ƙalau. Kayan aikinmu duka ba su cika buhu ba: sifanu, filaya, guduma, sukundireba, da wani faffaɗan tire na ƙarfe irin na masu tallar goro. Sifana mai lamba goma kuwa, ita ce shaiɗaniyar cikinsu. Ka ajiye ta a gabanka ka juya ka yi atishawa, ta ɓace. Har yau tawa ɗaure take da igiya a ƙuguna kamar akuya.

Wannan tiren shi nake so ku riƙe a ranku. Akwai wata dabara ta bakanike da ba a koyarwa da baki, gani ake yi. Idan mai babur ya cika gardama, ko ka ga alamar zai ja abinsa ya kai wa wani, sai ka lallaɓa shi ya je ya sha shayi. Kafin ya dawo ka zare injin, ka kwance shi har hanji, ka baza a tire. Babu mai ɗaukar babur ɗinsa a tire ya kai wani gareji. Ya zama naka sai ranar da ka ga dama. Oga Mati gwani ne a kan wannan, yana yi yana salati. Ban ce muku halal ba ne, na ce muku haka ake yi.

Sai muguwar shekara ta zo, shekarar da aka hana 'yan acaba shiga cikin gari. Da safe muna da layin babura har bakin titi, kafin sati ya zagayo gareji ya zama wurin barcin karnuka. Ba a jima ba aka zo da motar rusau aka kwashe rumfar tamu. Oga Mati ya tattara ya koma garinsu, ya bar mini tiren da guduma, ya ce su ne gadona. Ni da na iya jin ciwon inji da kunne, sai ga ni a Mpape ina fasa dutse da mata da tsofaffi, ana auna mana da kwano. Yatsuna suka farfashe, har na kasa riƙe noti. Waɗanda suka sa hannu a takardar korar tamu suna wucewa cikin motoci masu sanyi, ba wanda ya taɓa tambayar ina bakanikan suka nufa. Da na ga zan rasa hannuna gaba ɗaya, na ɗauki tirena na bi babura inda suka gudu, na kafa a Bwari, gindin wani mangwaro a bakin hanyar da ke shiga ƙauyuka.

A nan na san babur na gaskiya. Babur ɗin gari ɗan gata ne. Na ƙauye yana ɗaukar buhun doya, da akuya, da mai naƙuda da uwarta, ya tsallaka rafi ya hau dutse, kuma ba a ba shi baƙin mai sai ya fara kuka.

A cikin duk masu azabtar da babur da na sani, babu kamar Fada Iliya. Limamin cocin Katolika ne, yana da ƙananan coci-coci a ƙauyukan bayan Bwari da yake zagayawa. Ranar da na fara ganinsa turo babur ɗin yake yi, doguwar farar rigarsa ta zama ja har gwiwa, an ɗaure masa zakara a baya yana kuka, shi kuma yana dariya shi kaɗai kamar wanda aka yi wa albishir. Ya shiga rafi ne da gudu, ruwa ya cika kafireta, wato ɗan kwanon da mai ke haɗuwa da iska kafin ya shiga inji. Na tambaye shi bai ga zurfin ruwan ba ne, ya ce ya gani, amma ana jiransa a tsallake. Na zubar da ruwan, na busa, na shanya, ya tashi. Ya kwance zakaran ya miƙa mini, ya ce ya gaji da wa'azin da zakaran yake yi masa tun daga ƙauye.

Daga ranar ya zama nawa. Mutum ne dogo, baƙi, mai faɗin hannu kamar manomi, kuma ɗan manomi ne. Ba ya duba mai, ba ya jin birki na kuka, yana hawa dutse da giyar da ba ta dace ba. Wata rana ya zo da ƙafar baya ta lanƙwashe kamar faifai, wai mara lafiya ya ɗauko da 'yan'uwansa biyu. Na ce masa Fada, ko jaki aka yi wa haka ai sai ya kai ƙara. Ya ce to in rubuta ƙarar, shi zai sa hannu a matsayin shaida. Sai ya zauna a bencina ya cinye mini gyaɗa, yana kirana Alhajin gindin mangwaro, alhali ko filin jirgi ban taɓa shiga ba. In an kira salla shi yake kora ni, ya ce in tashi in je, zai tsare kaya. In dawo in tarar ya tara 'yan acaba yana duba musu babura, ya gaya wa wannan injinsa na da hawan jini, ya gaya wa wancan nasa aure yake so. Sun san ƙarya yake yi, amma ba sa tashi.

Gareji kunnen gari ne, duk abin da ya faru a daji ɗan acaba zai kawo shi gindin mangwaro kafin ya kai ofishin kowa. Da haka na ji labarin ƙauyen bayan dutse, wanda ba zan faɗi sunansa ba. 'Yan bindiga sun sauka a dajin da ke bayansa. Sun aiko wa mutanen garin cewa a rufe cocin, kada su ƙara jin ƙararrawa, kuma mai farar rigar nan in ya sake zuwa ba zai koma ba. Har katikis ɗin garin suka ambata da suna, Yohanna, mutumin da ke jan addu'a in Fada ba ya nan. Ba mutum ɗaya ya gaya mini ba. Kuma Lahadin da ke tafe ta wannan ƙauyen ce.

Ranar Alhamis Fada ya kawo babur, wai in ɗan ja masa sarƙa ta yi sako-sako. Na gaya masa abin da na ji. Ya ce shi ma ya ji. Na ce to? Ya ce to a ja sarƙar. Na ce ya bar shi ya dawo Asabar da safe, akwai aiki a gabana. Yana ba da baya na jawo tire.

Ku da kuke cewa kwancewa ba aiki ba ne, da kun ga wannan. Na zare tanki, na zare salansa mai fitar da hayaƙi, na sauke injin ƙasa, na buɗe kansa, na ciro fistin, na raba akwatin giya biyu, na zazzage haƙoran giyar ɗaya bayan ɗaya. Abin da ba ya bukatar taɓawa ma na taɓa shi. Kafin la'asar babur ɗin Fada ya zama ƙashi tsaye a kan bulo, cikinsa duka na tire, kamar ragon layya bayan an gama fiɗa. Na rufe da buhu, na wanke hannu, na ji daɗi irin wanda ban ji ba tun ina Utako. Na ce a raina, bari in ga ta inda za ka bi.

Asabar da hantsi ya zo. Na yaye buhun, na haɗe fuska, na ce ai da na ja sarƙa sai na ji wata ƙara a ciki, da na buɗe na tarar aiki ya lalace, sai an kawo kaya daga Kaduna, ko Talata ko Laraba. Ya tsuguna ya ɗauki fistin ɗin ya juya shi a hannu. Lafiyayye ne, yana ƙyalli, makaho ma zai shafa ya sani. Sai ya fara dariya, ya yi ta yi har ya zauna a ƙasa, 'yan acaba suna taya shi ba su san dalili ba. Da ya gama ya share ido, ya matso kusa da ni ya rage murya.

"Oga Sale, na gode. Wallahi na gode. Amma gobe zan je."

Na ce da me, da tire?

"Da ƙafa, in ta kama. Ko in ɗauki ɗaya daga cikin yaran nan ya kai ni, ka ga na jefa ɗan wani a ciki ke nan. Akwai jarirai da ke jiran baftisma. Akwai tsofaffin da suka ƙi gudu saboda na ce musu zan zo. In ban je ba, an rufe cocin ke nan, kuma ni na rufe shi, ba masu bindiga ba. Zaɓi ya rage naka: in je da abin da zai iya dawo da ni, ko in je haka nan."

Na zage shi. Ban taɓa zagin malamin kowane addini ba sai ranar. Na ce masa taurin kai ne ba imani ba, na ce manyansa suna zaune cikin gari a inuwa, shi kaɗai ne aka haifa don mutuwa? Ya bar ni na gama, ya ce zai dawo bayan la'asar, ya ɗebi gyaɗata ya tafi.

Na tsaya ina kallon tiren. Dabarar da na yi don in tsare shi ita ce yanzu za ta tura shi daji da ƙafa. Aikin da ake yi a kwana biyu, ga shi rana ta riga ta ɗaga.

Ban taɓa aiki irin na wannan yinin ba, kuma ba na jin zan sake. Na kori duk wanda ya kawo gyara. Na shimfiɗa sabon buhu, na wanke kowane ƙarfe da fetur, na jera su yadda za su koma. Haƙoran giya ba sa yafiya, ka juya ɗaya baibai sai ka rufe inji gaba ɗaya sannan ya gaya maka. Na ce tunda zai je, to zai je da babur ɗin da babu irinsa a ƙasar Bwari. Na sa sababbin zobban fistin. Na goge bawul har suka zauna ko iska ba ta wucewa. Na canja fulogi, na canja wayar wuta, na wanke kafireta na busa kowace ƙofa da bakina har na sha fetur. Na cire ƙafar baya ta babur ɗina, mai sabuwar taya, na sa masa. Sarƙar da ya kawo a ja, na jefar da ita na sa sabuwa. 'Yan acaba suka bar neman fasinja suka kewaye ni, wannan ya miƙo sifana, wancan ya riƙe inji, wani na yi mini fifita da kwali, ana ta ihu ana cewa Oga Sale ya haukace. Azahar ma a gurguje na yi ta, da baƙin mai har gwiwar hannu, Allah Ya yafe mini.

Ina ɗaure noti na ƙarshe sai ga shi. Na hau na buga kik. Shiru. Na sake bugawa. Shiru. Na yi ta bugawa gumi na zuba. Fada ya harɗe hannu ya ce, "Alhaji, in sun biyo ni haka zan tsaya ina rawa a kansa? Sai in ce su dakata bakanikena na zuwa?" Aka fashe da dariya, ni kuwa kamar in nutse. Sabon haɗi haka yake, sai mai ya zagaya. Na ɗan juya sukurun iska, na toshe bakin kafireta da tafin hannu na ja mai, na buga. Ya kama da wata irin ƙara mai tsabta, ba tari ba ƙas-ƙas, har ganyen mangwaro na motsi. Na fita da shi titi na ba shi wuta, iska na yanka mini ido, ina ihu ni kaɗai kamar yaro. Na dawo na kashe, na jira ya huce, na sake daidaita shi, don injin da ya yi sanyi shi ne abin tsoro.

Kafin in ba shi makulli na kafa masa sharuɗɗa, na sa ya maimaita. Ya ajiye shi a bayan coci ba a gaba ba. Ya juya kansa ya kalli hanyar gida. Kada ya kulle wuyansa, kada ya rufe famfon mai, makulli ya zauna a jiki. Da ya ji abin da bai gane ba, ya bar komai ya hau. Ya ce ya ji, duk zai yi. Kuma duk ya yi, ban da na ƙarshen.

Lahadi ban saba buɗewa da wuri ba, amma ranar tun safe ina gindin mangwaro. Wajen azahar na jiyo shi tun daga nesa. Ko cikin babura ɗari zan gane wannan injin. Yana tahowa da gudun da na gina shi ya yi, na miƙe ina cewa alhamdu lillahi, ya ji magana. Da ya sha kwana sai na ga ba farar riga. Yohanna katikis ne a kai, matarsa mai tsohon ciki a baya, 'yarsu ƙarama a matse a tsakaninsu. Ya tsaya a gabana ya kasa sauka, sai da muka ɓamɓare hannunsa daga kan babur ɗin.

Daga baya ya ba mu labari, ya ce ana tsakiyar sujada a coci aka ji ƙarar baburan 'yan bindigar. Jama'a suka watse ta taga da ƙofa. Fada ya kamo Yohanna ya ja shi bayan coci, ya ɗora shi, ya ɗora matar da yarinyar. Ƙafar Yohanna ta ƙi ɗaguwa don tsoro, Fada da kansa ya buga masa kik ya tura su. An bi su, an yi harbi, ba a ko zo kusa da su ba. Iyakar abin da Yohanna ya faɗa ke nan a lokacin.

Sauran daga bakin wata tsohuwa aka ji, cikin waɗanda ba su iya gudu ba suka rage a kan benci. Ta ce Fada ya dawo ciki ya ce su kwanta a ƙasa, ya fita ya ja ƙofa ya tsaya a bakinta. 'Yan bindigar suka ce ya cire gicciyen wuyansa ya jefar, ya tuɓe rigar, ya rantse ba zai ƙara yin sujada a garin ba, su bar shi ya tafi. Ya ce musu ba zai iya ba. Suka sake faɗa, ya sake ba su amsa ɗaya, ta ce muryarsa kamar mai ciniki a kasuwa, ba tsawa ba roƙo. A nan bakin ƙofar suka harbe shi. Ba su shiga ciki ba. Tsofaffin duka sun rayu.

Na je jana'izar, na tsaya daga baya wajen da aka ajiye motoci. Manya sun zo da jiniya da 'yan sanda, an yi jawabai masu tsawo da Turanci, an kira shi shahidi. Mutanen da ko sunan ƙauyen ba su iya faɗa daidai ba su ne a kujerun gaba. Ni dai na duba motocin nan masu tsayi, kowace za ta iya hawa wancan dutsen ba tare da ta yi nishi ba, na tofar da yawu na koma gareji.

Babur ɗin yana wurina, ba wanda ya zo ɗauka. Na bi shi noti bayan noti ina neman inda ya gaza, don in sami abin da zan zaga. Babu. Fulogi launin soyayyar gyaɗa, sarƙa daidai, mai ko rabin tanki bai ci ba. Aikina bai yi ƙarya ba, mutumin ne bai hau ba.

Bayan an kwana biyu Yohanna ya zo, matarsa ta sauka lafiya, namiji. Ya zauna a benci, ni kuwa na ci gaba da aikina, don gaskiya ba na son ganinsa a lokacin. Can ya ce akwai saƙona da ya riƙe, ya rasa yadda zai faɗa. Ya ce lokacin da Fada ya buga kik injin ya kama, ga harbi ana yi, ga mata na kururuwa, sai ya ga mutumin nan ya yi dariya. Fada ya dafa kafaɗarsa ya sunkuyo kunnensa ya ce:

"Ka gaya wa Alhaji bugu ɗaya ya tashi."

Na ce wa Yohanna na ji, ya tashi ya ba ni wuri, akwai aiki a gabana.